Binciken funfuna ba ɓarnar kuɗi ba ne

Duk lokacin da aka zo rage kasafin kimiyya, masu binciken funfuna ne kan fara shan gori: mutane na mutuwa a asibiti, kai kuma ka tare a ɗakin gwaji kana kallon yadda funfuna ke barbara? Maganar na da daɗin ji, amma ban yarda da ita ba.

Mu ɗauki Neurospora crassa, wata funfuna mai launin ruwan goro. A cikin halittar kusan kowane mai rai akwai gutsattsarin DNA masu tsalle, waɗanda Barbara McClintock ta fara ganowa a masara. Aikinsu su kwafi kansu su yi ta kutsawa ko'ina, in suka faɗa tsakiyar ƙwayar gado mai amfani su lalata ta. Lokacin barbara kuwa shi ne kakarsu, domin a nan suke samun hanyar tsallakawa daga wani dangi zuwa wani. A 1987 Eric Selker da abokan aikinsa a Jami'ar Oregon suka gano cewa a daidai wannan gaɓa Neurospora kan duba DNA ɗinta. In ta ga wani yanki mai ɗan tsawo ya zo sau biyu, sai ta yi ta sauya harafin C zuwa T (biyu daga cikin haruffan rubutun DNA) a cikinsa, a kwafin da asalin baki ɗaya, har ya daina aiki. Ba ruwanta da wane ne baƙo, wane ne ɗan gida.

A 2001 rukunin Robert Metzenberg ya bayyana wata dabarar a funfunar. Sa'ad da kuromosom, wato ƙunshin DNA, na iyaye biyu suka jeru kafaɗa da kafaɗa, duk yankin da bai sami abokin jeri ba ana toshe masa baki da ƙananan RNA, wani sinadari ɗan'uwan DNA, har a gama haɗa ƙwayoyin iri. Kamar mai gadi ne da ba ya barin kowa shiga sai da abokin tafiya.

Wannan tsaro yana da tsada. Da aka kammala karanta halittar Neurospora a 2003, an tarar da ƙwayoyin gado wajen 10,000, amma da ƙyar ake samun biyu masu kama da juna sosai. Kwafi kuwa na cikin manyan hanyoyin da halittu ke samun sabuwar ƙwayar gado: ɗaya ta riƙe tsohon aiki, ɗayar ta koyi sabo. Funfunar ta sayi zaman lafiya, ta rufe wa kanta wannan ƙofa.

To, ina ruwan majinyaci da wannan? Cryptococcus neoformans, fangas (dangin funfuna) da ke haddasa sanƙarau ga masu cutar ƙanjamau, yana kashe mutum sama da 100,000 a shekara, kuma a 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi a cikin guda huɗu mafiya haɗari daga fangas 19. A 2010 ɗakin gwajin Joseph Heitman a Jami'ar Duke ya nuna cewa shi ma yana rufe bakin maimaitattun ƙwayoyin gado, kuma yana yin haka kusan ninki 250 a lokacin barbara fiye da sauran lokuta. Shekaru 12 bayan nan, a wasu nau'i biyu da aka samo daga majinyata a Botswana, aka ga abin da ke faruwa in tsaron ya lalace: masu tsallen suka cika gida, fangas ɗin ya riƙa sauyawa da sauri, har a gwaji ya bijire wa fulusaitosin, ɗaya daga cikin magungunan da ake dogaro da su. Da ba a san yadda tsaron yake aiki ba, da an rasa bakin zaren wannan bijirewa.

Manoma ma abin ya shafe su. A Leptosphaeria maculans, fangas mai ruɓar da karan kanola, shukar da ake matsar mai daga irinta, irin wancan sauyin C zuwa T kan malala zuwa ƙwayoyin gadon da ke maƙwabtaka, har da waɗanda shuka ke gane cutar da su. Sai iri mai juriya ya wayi gari bai gane abokin gabarsa ba.

Masu sukar suna da gaskiya a wuri guda: wanda ke kwance da sanƙarau yau, allurar amfoterisin da ƙwayar fulusaitosin yake buƙata, kuma ƙarancinsu a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi abin kunya ne. Sai dai magungunan fangas ajinsu kaɗan ne, suna kuma rasa kaifi. Kuɗin sayen na yau da kuɗin gano yadda ake bijire musu duk dole ne a fitar, kuma hukumar da ta yanke na biyun don ta cike na farko za ta sake biyan kuɗin a gadon asibiti.