Da kamfanonin waƙa suka maka masu sauraronsu a kotu

Ran 8 ga Satumban 2003, ƙungiyar manyan kamfanonin faifan waƙa ta Amurka, RIAA, ta kai ƙarar mutum 261 a rana guda. Laifinsu shi ne sun bar waƙoƙi a kwamfutocinsu inda kowa zai iya kwafa ta manhajoji irin su Kazaa. Cikinsu har da yarinya 'yar shekara 12 a Niyok, wadda sai da aka biya dala 2,000 kafin a kashe maganar. Kamfanonin na da gaskiya a gaban doka, amma hanyar da suka bi ita ta tunzura jama'a.

Ga yadda abin ya riƙa tafiya daga 2004. Ana ɗaukar hayar masu bincike su shiga manhajar kamar kowa, su leƙa jakar da mutum ya bari a buɗe, su sauke waƙoƙi kaɗan a matsayin shaida, su rubuta lambar layinsa ta intanet da lokacin. Daga nan a shigar da ƙara a kan wanda ba a san sunansa ba, a nemi alƙali ya tilasta wa kamfanin intanet ya faɗi mai layin. Sai wasiƙa ta iso gida: ka biya dala dubu uku ko huɗu, ko mu haɗu a kotu. A kotu kuwa doka ta yanka diyyar dala 750 zuwa 150,000 kan kowace waƙa. Mai waƙa dubu a kwamfuta, ko da mafi ƙarancin tarar aka yi masa, dala 750,000 ke nan. Kuɗin lauya kaɗai ya fi kuɗin sulhun, shi ya sa kusan kowa ya biya, da mai laifi da marar laifi.

Ɓarakar tana cikin lambar layin intanet ɗin nan. Layi take nunawa, ba wanda ya zauna gaban kwamfuta ba, kuma takan sauya hannu, har kuskuren 'yan mintoci a agogo ya kai wasiƙa gidan da ba shi ba. An yi ƙarar wata dattijuwa mai shekara 66 wadda kwamfutarta ƙirar Apple ce, Kazaa ba ta ma aiki a kanta. A 2005 an yi ƙarar wata tsohuwa da ta riga ta rasu.

Masu sauraro dama da tsohon haushinsu. A 2002 manyan kamfanonin da wasu dillalai suka yarda su biya sama da dala miliyan 67 don kashe ƙarar da jihohi suka shigar kan zargin haɗa baki a tsawwala farashin faifai. Sai aka shiga kiran ƙaurace wa kayansu. A lokacin, wani shafi mai suna RIAA Radar yana duba maka ko faifan da za ka saya na ɗan ƙungiyar ne. Wasu matasa a jihar Masachusets suka kafa Downhill Battle, suna tara kuɗin taimaka wa waɗanda aka kai ƙara.

Ƙauracewar ba ta yi tasiri ba, kuma dalilin a fili yake: ba a iya ƙidaya ta. Duk faifan da bai sayu ba, sai kamfanoni su ce ɓarayin intanet ne suka jawo, su ƙara samun hujjar zuwa kotu. Abin da ya girgiza su shi ne na Talata 24 ga Fabrairun 2004. Kamfanin faifai na EMI, mai haƙƙin faifan ƙungiyar mawaƙa ta Beatles, ya hana raba wani kundi da wani mai haɗa kiɗa, Danger Mouse, ya haɗa da muryar mawaƙi Jay-Z da kiɗan Beatles ɗin. A ranar, shafuka kusan 170 suka ɗora shi kyauta na tsawon yini guda, kowa da sunansa a fili, duk da wasiƙun barazana. Rana ɗaya, buƙata ɗaya, adadin da ɗan jarida zai iya rubutawa.

Inda masu boren suka yi tuntuɓe shi ne cewar da suke yi kamfani kaɗai kwafi ke cutarwa, tunda mawaƙi dama ɗan abin da yake samu bai taka kara ya karya ba. To mai rubuta baitin fa, da makaɗi, da mai haɗa sauti? Wanda ya ga yadda 'yan turi da katin waya suka durƙusar da kasuwar faifai a Kano ya san ba attajirin dillali kaɗai ya ji a jikinsa ba.

Duk da haka kotu ba ta dawo da ciniki ba. Abin da ya fara janye mutane shi ne sauƙi: iTunes, kasuwar sayar da waƙa ta intanet, ta zo a 2003 da waƙa ɗaya kan senti 99, ba sai ka sayi faifai sukutum don waƙa biyu ba, Spotify kuma, manhajar sauraron waƙa ta intanet, ta buɗe a Suwidin a 2008. A Disambar shekarar RIAA ta ce ta daina sababbin ƙararraki, bayan ta bi mutum sama da 30,000. Tsofaffin dai ba a janye su ba. Wata uwa a jihar Minesota da ta ƙi sulhu kan waƙa 24 an yanka mata dala 222,000 a 2007, a sake shari'a ta koma miliyan 1.92, aka yi ta ja har 2013, lokacin da Kotun Ƙoli ta ƙi sauraronta, tarar farko ta tabbata a kanta.