Mu muke kwana da yaran nan, ku bar mu mu zauna a inda ake yanke shawara

Salamu alaikum jama'ar Zongo na Kumasi, a nan Ghana. Yau maganata tana da tsawo, ku yi haƙuri da ni. Na daɗe ina haɗiye ta, kuma na san wasu da nake ganin girmansu ba za su ji daɗinta ba, amma Allah ya sani ba don in ci mutuncin kowa nake faɗa ba.

Ɗana na biyu yana da sikila. Shekararsa 11 yanzu. Duk uwar da ta raini irin yaran nan ta san daren ciwo. Ƙarfe biyu na dare yaro yana murƙususu ya riƙe ƙafarsa, kin dafa ruwa kin jiƙa tawul kina gasa masa gwiwa, bakinki yana addu'a, zuciyarki tana ƙirga sauran kuɗin da ke cikin jaka, kina tunanin wane mai pragya (keke mai ƙafa uku) ne zai ɗaga waya a wannan tsakar dare ya ɗauke ku daga unguwar Aboabo zuwa Gee, wato babban asibitin Komfo Anokye. Na yi irin wannan dare ban san adadi ba.

Wata shekara, ranar 19 ga Yuni da ake tunawa da masu sikila a duniya, wata ƙungiyar agaji ta zo unguwarmu. Ba zan kama suna ba. An kafa rumfa, an jera kujeru, an kawo lasifika, an raba riguna masu tambarinsu da shinkafa a roba. Manyan baƙi suna gaba a inuwa, mu iyaye mata muna baya. An yi jawabi da Turanci, aka ɗan fassara da Twi, alhali tsofaffin da suke riƙe da jikokinsu a wurin Hausa suka fi ji. Da aka gama sai aka ce yara su jeru a ɗauki hoto, wani saurayi yana janyo waɗanda idonsu ya fi yin rawaya zuwa sahun gaba. Ɗana yana cikinsu. Bayan kwana biyu sai ga fuskarsa a Facebook, an rubuta kalaman ban tausayi a ƙasa, ana neman taimako.

Babu wanda ya tambaye ni. Yaron da nake koya wa kullum cewa shi ba abin tausayi ba ne, ya dawo daga makaranta ya ƙi cin abinci, domin wani ya nuna hoton a waya ana kiransa mai jiran mutuwa. Rigar nan har yau tana ƙasan akwati, bai taɓa yarda ya sa ta ba.

Ban ce mutanen nan mugaye ba ne. Na yarda da alheri suka zo. Amma sun tsara komai a ofishinsu, suka kawo mana shi a dafe, kuma cikin duk waɗanda suka zauna suka tsara, na tabbata babu wanda ya taɓa yin irin daren da na faɗa. Da akwai uwa ɗaya a teburin, da ta ce musu kuɗin rumfa da riga ya fi amfani a hannun mai mota da daddare. Da ta ce musu abin da ke damunmu shi ne katin inshorar lafiya da ya ƙare ba a sabunta ba, da malamin da yake hana yaro fita shan ruwa da kama ruwa a aji, ko ya tsayar da shi cikin ruwan sama a matsayin horo, bai san sanyi da ƙishirwa su ne suke ta da ciwon ba. Da kuma ta ce musu a Zongo hoton yaro mai sikila ba hoton yaro ɗaya ba ne, har yayyensa mata yana shafa ranar da aka zo neman aurensu.

Ga abin da nake so in faɗa ƙarara. Duk ƙungiyar da ta ce tana aiki don iyalai, dole iyaye su kasance cikin masu yanke shawararta, da bakin magana da ƙuri'a. Ba a kira mu ranar taro mu cika kujeru mu tafa ba.

Kuma nan Kumasi muna da babban misali. Marigayi Farfesa Kwaku Ohene-Frempong, wanda ya rasu a 2022, likita ne da duniya ta sani a fannin sikila, amma abin da ya ɗora shi a kan wannan hanya shi ne ɗansa na cikinsa da aka haifa da ciwon. Shi ya jagoranci fara gwajin jarirai tun daga haihuwa a nan garin a 1995, a ƙasar da kusan jarirai 2 cikin kowane 100 suke zuwa duniya da sikila. Saboda wannan gwajin ne uwa take sanin halin ɗanta tun yana tsumma, a fara ba shi maganin kariya kafin ciwo ya kayar da shi. Ilimi ya yi aikinsa, amma zafin zuciyar uba ne ya tura ilimin. Mu ba farfesoshi ba ne, sai dai wannan zafin muna da shi, kuma muna da wani sani da ba a karanta shi a littafi.

A kan bencin asibiti muka fara haɗuwa, mu mata 'yan Aboabo da Asawase da Sawaba da Sabon Zongo, muna jiran layi muna hira. Daga hira aka koma karɓar lambar waya, daga nan aka koma adashi. Ba mu da ofis, ba mu da tambari. Muna da littafi guda mai baƙin bango, kowace sidi da ta shiga ko ta fita tana ciki, kuma duk zama sai an karanta shi da ƙarfi kowa ya ji, har wadda ba ta yi boko ba. Idan ciwo ya tashi wa ɗan wata da daddare, kafin ta isa asibiti an tura mata kuɗin mota ta MoMo, wato ta waya, da safe kuma wata ta kai mata koko da ƙosai, wata ta leƙa sauran yaranta. Babu hoto. Wadda aka taimaka wa jiya ita ce mai taimakon gobe, don haka babu mai sunkuyar da kai.

Abin da ya fi taɓa ni shi ne ranar da aka kawo mana wata yarinya, haihuwarta ta fari, an gaya mata jaririyarta tana da sikila, ta kwana uku tana kuka. Uwar mijinta ta dage cewa asiri ne, a nemi magani a gida. Ma'aikaciyar jinya ta yi bayani har ta gaji. Sai wata Hajiya cikinmu, wadda ɗanta mai sikila yanzu magidanci ne da sana'arsa, ta ɗauki mayafinta ta je har gidan. Ta gaishe da tsohuwar, ta zauna a tabarma, ta ce: "Mma, ni ma haka aka ce mini. Ga ɗana can a shago, ki aika a kira shi ki gani da idonki." Ta nuna wa yarinyar yadda ake taɓa cikin jariri a ji ko saifa ta kumbura, ta ja mata kunne cewa zazzaɓi a jikin mai sikila ba a jiran gari ya waye. Tsohuwar nan ita ce yanzu take goyo jikarta zuwa asibiti. Wane taro ne zai yi wannan aikin?

Ga masu ƙungiyoyi, ƙanne na da 'ya'yana da yawanku, ku saurare ni. Cewa ƙungiya ba ta neman riba ba kalmar takardar rajista ba ce kawai. Ma'anarta kuɗin da ke hannunku amana ne, da sunan 'ya'yanmu aka karɓo shi. Ba laifi ba ne ma'aikaci ya ci albashi, guminsa ne, amma ku faɗa mana nawa aka samu, nawa aka kashe, a kan me. Ku sa zamanku bayan la'asar, ba ƙarfe goma na safe da uwa take kasuwar Kejetia tana neman na cefane ba. Ku yi magana da harshen da muke ji. Kada ku ɗauki hoton yaro sai da yardar iyayensa da tasa, kuma kada taimako ya rataya a kan wannan yardar. Dokar yara ta ƙasar nan ta 1998 ta sa maslahar yaro a gaba da komai, kuma tun kafin ita Allah ya hane mu a Suratul Baƙara, aya ta 264, da mu ɓata sadakarmu da gori da cutarwa. Akwai ƙungiyoyin da suke kiyaye wannan, na gani, Allah ya saka musu.

Mu ma iyaye da namu laifin, kuma ba ƙarami ba ne. Da an kira taro tambayarmu ta farko ita ce me za a raba. Idan aka ce shawara ce kawai, sai kujeru su kwana babu kowa. Ta yaya za a ba mu jagoranci alhali mun saba da miƙa hannu? Muna iya sayen atamfar yayi sau uku a wata don biki da suna, amma katin inshorar yaro ya mutu wata shida, alhali da waya ake sabunta shi, a danna *929# a bi bayani. Muna ɓoye gwajin jini kafin aure don kada a fasa, bayan an san cewa idan mai AS, wato wanda yake ɗauke da gadon sikila a jininsa amma ba ya ciwon, ya auri mai AS, kowane ciki yana da kaso ɗaya cikin huɗu na zuwa da SS, wato sikila. Ni da maigidana ba mu sani ba lokacin da aka ɗaura mana. 'Ya'yanmu ba su da wannan uzurin, kuma ina roƙon limamanmu su riƙa tambaya kafin su shafa fatiha.

Sai iyaye maza. Alhazai, malamai, ina kuke? A bencin asibiti cikin mutum goma da wuya ka ga uba ɗaya. Kuna cewa kun ba da kuɗin magani. Mun gode, amma yaro yana son ya buɗe ido a gadon asibiti ya ga babansa, kuma idan ana maganar shugaban makaranta ko ofishin majalisar ƙaramar hukuma, zuwanku tare da mu yana sa a saurara da wuri.

Kada kuma mu zauna jiran gwamnati. A 2017 an kafa ma'aikata guda don Zongo, aka yi dokar asusun raya Zongo, a 2021 aka rushe ma'aikatar. Ƙungiyoyi ma haka, kuɗin mai tallafi ya ƙare su naɗe tabarma. Ciwon ɗana bai san wa'adin kowa ba.

Makon jiya wata budurwa daga wata ƙungiya ta zo shagona, tana son mu tara mata iyaye don wani shiri. Na ba ta kujera da ruwa, na ce: "'Yata, za mu zo, amma mata biyu da uba ɗaya daga cikinmu za su zauna a kwamitinku tun daga tsara kasafi, kuma ba hoton yaro ko ɗaya." Ta yi shiru, sannan ta ce ba a taɓa gindaya musu wannan ba, za ta kai wa shugabanninta. Ta rubuta komai a gabana.

Ranar Asabar bayan la'asar muna da zama, kuma ta ce za ta kawo amsa. Duk mai ɗa ko jika mai sikila da yake son zuwa ya yi mini magana ta akwatin saƙo. Ku taho da katin inshorar yaran mu duba ranar ƙarewarsa tare, kuma don Allah ku taho da babansu.