Harshe biyu ba ya hana yaro magana

A Agege ta Legas nakan ji iyaye mata na cewa Hausar gida da Yarbancin maƙwabta ne suka rikita yaro ya yi jinkirin magana, har a daina yi masa Hausa. Abin yana damuna, domin ba haka ba ne. Mai jin harshe biyu ma yakan fara furta kalma wajen shekara 1, ya haɗa kalmomi biyu wajen shekara 2. In ya ce "Mama, ba ni omi" (wato ruwa da Yarbanci), bai ruɗe ba, kalmar da ta fara zuwa bakinsa ya ɗauko. A ƙirga kalmominsa na harsunan biyu a haɗe. Idan ya kai shekara 2 shiru, a kai shi asibiti a duba jinsa, a kuma ci gaba da yi masa Hausa.