Wai Na Zama Bafaranshe

Watan jiya yayana ya zo Maraɗi, a Jamhuriyar Nijar, daga Kano, ya sauka gidana. Shekara goma sha ɗaya ke nan ina zaune a nan, shi kuma dilan kayan roba ne, bokitai da kujeru da butoci. Yana son buɗe reshe. Muna cin tuwo ya zaro takardar CAC, ta rajistar kamfani a Najeriya, daga jaka, an lulluɓe ta da leda tana sheƙi, ya ce gobe in raka shi neman shago. Na ce, "Yaya, wannan takardar tun a iyakar Magama aikinta ya ƙare." Sai ya ajiye cokali ya dube ni ya ce, "Kai fa ka zama Bafaranshe. Maraɗi da Katsina ai gida ɗaya ne."

Maganar ta yi mini ciwo, don rabinta gaskiya ce. Sarkin nan har gobe Sarkin Katsina ake ce masa. Ka shiga babbar kasuwa, Hausa ce daga ƙofa zuwa ƙofa. To amma ofis ba kasuwa ba ne. Da ka tura ƙofar biro, wato ofis, sai ka ga wata duniya: fanka tana juyawa a hankali, fayil-fayil ɗaure da igiya, ma'aikaci ya gaishe ka da Hausa garau, ya tambayi iyali, sannan ya miƙo maka takarda da Faransanci tun daga sama har ƙasa. Ko da gwamnati ta ce a 2025 Hausa ce harshen ƙasa, takardar kasuwanci ba ta ji labari ba tukuna.

Dokar kamfani a nan ta OHADA ce, ƙungiyar daidaita dokokin kasuwanci a Afirka, wadda ƙasashe 17 suka yi tarayya a kai bisa yarjejeniyar 1993, kuma Najeriya ba ta ciki. Sai ka yi rajistar kasuwanci ta RCCM, ka karɓi lambar haraji ta NIF, sannan ake ganin ka a matsayin ɗan kasuwa. In ka ce reshen kamfaninka na Kano za ka buɗe, dokar ta ba ka shekara 2 ne, daga nan ka mai da shi kamfanin ƙasar, sai fa in an yi maka rangwame na musamman. Lissafi ma da tsarinsu ake rubuta shi, dole ka nemi akawu ɗan gari. Harajin kaya da muka sani da VAT, kashi 7.5 cikin ɗari, a nan TVA ne, kashi 19. Da na faɗa wa Yaya wannan, sai da ya sake tambaya ko na yi kuskure. Bokitin da ya riga ya lissafa ribarsa a Kano, kafin ya wuce duwan, wato kwastan, a iyakar Ɗan Isa ya zauna a shago, ribar ta rame.

Ga kuma siyasa. Bayan juyin mulkin Yulin 2023 an rufe iyaka har Maris ɗin 2024. Nijar ta fice daga ECOWAS a Janairun 2025, ita da Mali da Burkina Faso suka sa harajin kashi 0.5 kan kayan da ke shigowa daga wajen ƙawancensu. Wanda zai zuba jari ba tare da ya sa wannan a lissafi ba, caca yake yi.

Ba na ce nan aljanna ba ce. Takarda ɗaya tana iya cinye maka mako guda, lamho, wato haraji, kuma ba ya jin roƙo. Amma ni dai na fi son wahalar da na san iyakarta. A nan in na biya, rasit ɗina na hannu, na san abin da zan nuna. Ku da ke gida kun san mutum nawa ke zuwa ƙofar shago da tikiti kala-kala, ba sai na lissafa ba. Sefa kuma ɗaure take da yuro, sefa 655.957 a yuro ɗaya, ba ta motsi. Jikka goman, wato sefa dubu goma, da na ajiye bara ita ce dai bana. Ku tambayi wanda ya ajiye naira a 2023.

Abin da ya fi damuna ma ba harajin ba ne. Mu mutanen Kano muna shigowa ƙasar nan kamar ƙauyen bayan gidanmu, muna mamakin wai su ma suna da doka. Ni da na zauna na koya, na riƙa cewa "duwan" maimakon kwastan, "jikka" maimakon dubu, sai a gida a riƙa yi mini dariya. A nan kuwa, shekara goma sha ɗaya, ’ya’yana uku duk nan aka yanke musu cibi, amma har yau in an zo nemana a layinmu cewa ake, "Ina shagon ɗan Najeriyar nan?"

Yaya ya koma bayan kwana huɗu, bai kama shagon ba. Na raka shi tasha, na sa masa kilishi da cuku a leda ya kai wa Hajiya. Mota ta fara motsi ya leƙo ta taga ya ce in zo gida da Babbar Sallah, in bar Faransancin a nan.