Mai Neman Kujerar Gaba, Bakinka Nawa?

Akwai wani bawan Allah da aka taɓa ɗora shi a kujerar baya a tikitin zaɓen shugaban ƙasa. Tikitin bai kai ko'ina ba, amma tun daga lokacin hular ta ƙara tsawo, yaransa sun cika Facebook da hotunansa, wai yanzu kujerar gaba yake so. Neman mulki ba laifi ba ne, ranka ya daɗe. Abin da ya hana ni barci shi ne bakin nan naka guda biyu.

In ka shiga rediyo da Hausa, kai ne mai kishin 'yan Arewa da ke ci rani a Kudu. In kuma aka kunna maka kyamara da Turanci, aka tambaye ka batun masu neman ɓallewa su kafa ƙasar Biyafara, sai harshe ya yi nauyi, a hau kewaye-kewaye kamar mai neman allura a tsakar dare. Kifi na ganinka, mai jar koma.

Ni shanu nake kaiwa Lokpanta a jihar Abiya, shekara da shekaru. Tun watan Agustan 2021, bayan an kamo Nnamdi Kanu, jagoran masu neman Biyafara, Litinin ta zama ranar zaman gida dole a can. Direba ya kwana a tasha da lodin shanu suna rama a cikin mota, mai tumatir ya zura wa kayansa ido suna ruɓewa. Kuma ba mu kaɗai ba ne. Inyamuran da muke ciniki da su a Aba da Anaca sun fi mu shan wuya, domin shagunansu ne ke rufe, 'ya'yansu ne ba sa zuwa makaranta. An harbe Ahmed Gulak, ɗan siyasa daga Adamawa, a Owerri ranar 30 ga Mayun 2021. Shekara guda bayan haka aka kashe wata baiwar Allah 'yar Arewa mai juna biyu tare da 'ya'yanta huɗu a jihar Anambra. Ranar na zauna kusa da rediyo ina jiran muryarka har aka yi sallar isha'i.

Kada kuma yaranka su ce ƙabilanci ke damuna. A 2017, da wasu samarinmu suka taru a Kaduna suka ba Inyamurai wa'adin barin Arewa kafin 1 ga Oktoba, ni na tsawata wa ƙannena a kai, domin maƙwabcina Inyamuri a Sabon Gari a nan aka haife shi. Mu ma iyayenmu sun yi ihun "araba" a 1966, kuma sun ba mu labarin yaƙin basasar da ya biyo baya daga 1967 zuwa Janairun 1970. Duk wanda ya saurari tsofaffin sojan da suka dawo daga yaƙin nan ba ya wasa da wannan wuta.

Na san lissafinka. Tsarin mulki ya ce sai mutum ya samu kashi ɗaya bisa huɗu na ƙuri'u a jihohi 24 kafin ya hau, don haka ba ka son ɓata wa kowa. Masu son ƙasa ta zauna kana yi musu murmushi, masu son a tsaga ta kana kawar da kai. To wace ƙasar za ka mulka in an tsaga ta? Rabin wa za a ba ka?

Ban kira suna ba. Mai kaza a aljihu ne ba ya jimirin as.

In da gaske kake, ka faɗi magana ɗaya da Hausa, ka maimaita ta da Turanci a Enugu, kalma ba ta canza ba. Motata za ta tashi ranar Asabar, kuma na riga na gaya wa direba ya nemi inda zai ɓuya kafin wayewar garin Litinin.