Kyanwa mace ko muzuru?

Jiya ƙanwata ta kira ni, kyanwar maƙwabciyarsu ta haifi 'ya'ya huɗu an ce ta zo ta zaɓi ɗaya. "Yaya, mace zan ɗauka ko namiji?" Wai an ce mata macen ta fi natsuwa da kamun ɓera, namijin kuwa ɓarawon kaji ne, ba ya zaman gida.

Na ce mata ta bar wannan lissafin. Abin da mutane ke kira halin muzuru, yawanci halin muzurun da ba a yi wa fiɗiya ba ne. Da ya balaga sai yawon dare, faɗa a kan katanga, ya dawo kunne a yage, ya riƙa fesa fitsari mai wari a jikin bango don shata iyakarsa. Likitan dabbobi na yi masa aiki, galibin wannan ya lafa. Ita ma macen ba waliyyiya ba ce. Tun tana wata 5 ko 6 za ta iya fara neman namiji, kukan nan na tsakar dare kamar jariri, bayan kwana 63 zuwa 65 ta zube miki 'ya'ya a cikin sif.

A gidanmu mun taɓa samun wani jan muzuru, ragon gaske, ɓera ya gifta ta gabansa ko ido ba ya ɗagawa, shi dai a bar shi a kan sallayar Baba. Macen da muka yi bayansa, mai launi uku, ko kai ke ba ta abinci sai ta yakushe ka. (Mai launi ukun nan kusan kullum mace ce, jajayen kuma mafi yawa maza. Launi ke nan, bai shafi hali ba.)

Inda halin ke ginuwa shi ne tsakanin mako 2 zuwa 7 da haihuwa. Ɗan kyanwar da aka riƙa ɗauka ana shafawa a lokacin, shi ke sabawa da mutane. Wanda ya tashi a bayan buhunan masara bai ga kowa ba, da wuya ya saki jiki. Halin uban ma yana bin 'ya'ya.

Don haka na ce ta je ta zauna a ƙasa ta miƙa hannu, ta ga wanne zai taho yana shinshina, wanne zai ɓuya. Kuma kada ta raba shi da uwarsa sai ya cika mako 8.

Ta ce to, amma fa mijinta yana kiwon tattabaru.