Danne ramin sailej ba aikin ƙarshe ba ne

Manoma da yawa suna ɗauka cewa za a iya cika ramin sailej (wato ɗanyen abincin dabbobi da ake adanawa ya yi tsami inda iska ba ta shiga) maƙil da yankakken karan masara, sannan tarakta ta hau sama ta danne shi gaba ɗaya. Ba haka ba ne. Nauyin tarakta ba ya ratsa tudu mai kauri. Saman ne kaɗai ke matsuwa, ƙasan kuwa iska na nan a maƙale. Iskar nan ce ke kawo zafi da fumfuna, ta hana tsamin da ke adana abincin dabbobi.

Dannewa tana tafiya ne tare da zubawa. A baza kaurin da bai wuce santimita 15 ba, a bi ta kansa har sai taya ta daina nutsewa, sannan a ƙara wani. Jikin bango da kusurwoyi su suka fi buƙatar kulawa, domin nan direba ke gudun matsawa, nan kuma ruɓa ke farawa. Wanda ba shi da tarakta ya cika ganga da ruwa ya riƙa gangara ta, ko mutane su tattake da ƙafa, amma sai a rage kaurin sosai.

Yanka ma yana da tasiri: gutsuren santimita 1 zuwa 2 ya fi dogon kara matsuwa, kara da ya bushe da yawa kuma ba ya kwanciya. Da an gama, a rufe da leda a ranar, a jera tayoyi ko buhunan yashi a kai, kada a buɗe sai bayan aƙalla mako uku.